Alkamar Illo a Garkar Bahago

Illo ɗan Hamidu manomin garka ne a bakin ƙoramar Telwa, arewa da garin Agadas, tafiyar da mutum kan yi a ƙafa tsakanin sallar asuba da fitowar rana. Ubansa ya sauko daga Timiya da sa ɗaya da jakar fata cike da irin alkama, ya haƙa rijiya, ya auri ƴar gari. A nan aka haifi Illo, a nan ya girma, kuma in ban da tafiya biyu da ya yi zuwa Ingal, ba a san ya taɓa kwana nesa da rijiyar nan ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Aikinsa irin na kowa ne a Telwa: sa ya ja guga, ruwa ya zubo cikin magudana, mai garka ya bi shi da hauya yana buɗe wa kowane fangali, wato ƴan ɗakunan shuka da ake kewaye su da ƙasa don su riƙe ruwa. Sai dai hannu ba ɗaya ba ne. Illo yakan dubi fangali daga nesa ya ce wannan ya ƙoshi, wancan gobe zai nemi ruwa. Matan gari masu yin alkaki da taliya in biki ya taso, ba su cewa a sayo alkama. Cewa suke a sayo ta Illo. Ba shi da raƙumi, ba shi da soro mai bene, bai je Makka ba. Wannan sunan shi ne abin da ya mallaka, kuma yana tsaronsa fiye da yadda yake tsaron sansa.

Garkar da ke jikin tasa, shingen ƙaya kawai ya raba su, ta Bahago ce. Sunansa na yanka Alkasum, amma tun yana yaro da hagu yake riƙe hauya. Ɗan kawun Illo ne, saboda haka taubasai ne, kuma bisa al'ada ɗan namiji shi ne ubangida. Bahago bai taɓa barin wannan dama ta wuce shi ba. Dogo ne mai yawan dariya, ya fi son butar shayi a gindin aduwa bisa ga bin magudana, rabin garkarsa kuwa kullum fili ne. "Bawana" yake kiran Illo. Shi kuma Illo yana ce masa "sarkin ciyawa".

Bayan girbin alkama na farkon shekarar 1957, wani Nasara ya zo Telwa. Sunansa Mushe Ferran, amma da yake ba a taɓa ganinsa ba tare da karne, wato ƙaramin littafin rubutu, ba, sai masu garka suka sa masa Mai Karne. Tare da shi akwai Saidu, tsohon soji da ya yi yaƙi a ƙasar Faransi, shi ke juya magana tsakaninsu. Suka bi garka garka suna duba iri. Nasaran yakan zuba ƙwayoyi a tafin hannu, ya ƙirga, ya ciza ɗaya, ya rubuta. A wajen Illo ya fi daɗewa. Daga ƙarshe ya nemi a auna masa tiya biyu na irin, ya ce za a kai ƙasarsu a yi bincike. Illo ya auna masa da kansa, ya ƙara da hannu biyu a kai, bai yarda ya karɓi komai ba.

Da ya koma gida ya ce wa matarsa Kadidiya, "Alkamata za ta Faransi."

Ta ce, "Allah ya kai ta lafiya. Kai kuwa ga tuwonka nan."

Da sanyi ya fara shigowa, Mai Karne ya dawo. Aka tara masu garka a bakin hanya, ya buɗe akwatin katako, Saidu ya shiga bayani. Ya ce a can ƙasarsu akwai wani ɗaki mai kaurin bango, suna ce masa pil. A cikinsa wani abu ke fita da ido ba ya gani, hannu ba ya ji, sunansa nutron, yana ratsa ƙarfe kamar yadda ruwa ke ratsa rairayi. Masana na son su san abin da yake yi wa duk abin da ya ratsa.

Nasaran ya fito da gishirin beza na Bilma, gutsure biyu. Ɗaya fari fat yadda kowa ya san shi. Ɗayan da aka sa a ɗakin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar an jiƙa shi da shayi. Ya nuna gindin butali, wato kwalba, da ya yi duhu a ɗakin, ba a ganin rana sosai ta cikinsa. Ya nuna jar fata ta dukawan gari, ya lanƙwasa ta, ta tsage kamar busasshen ganye. Mutane suka yi ta salati, wasu suka ja da baya.

Sannan ya jera ƴan jakunkunan takarda guda shida, kowace da lambarta. Irin Illo ne a ciki. Saidu ya ce ta farko ba a sa ta a ɗakin ba ko kaɗan. Ta biyu ta ɗan daɗe, ta uku ta fi ta, har zuwa ta shida wadda ta fi kowace shan abin. Za a shuka su a fangali shida, a ga wadda za ta fito da wadda za ta ƙi.

Illo ya riga ya gyara fangula a kusa da rijiyarsa tun da ya ji labarin isowar kamiyo, babbar motar Nasaran. Ya matso gaba yana gyara rawani.

Saidu ya ce, "A garkar Alkasum za a yi."

Dalili uku aka bayar, kuma Saidu ya maimaita su ga Illo har sau biyu. Garkar Bahago na bakin hanya, kamiyo na isa har ƙofarta. Ƙasarta a shimfiɗe take. Kuma akwai fili da ba a shuka komai ba. Illo ya saurara, bai ji ko ɗaya ba. Abin da ya ji shi ne, a gaban mutanen Telwa duka, an ɗauki irin ubansa an miƙa wa mutumin da ko albasa ba ta zama a hannunsa.

Bahago ya dafa kafaɗarsa. "Kada ka damu, bawana. Abin bawa ai na ubangidansa ne. In na gaji zan kira ka ka yi mini cirar ciyawa."

"Kai da ciyawa ai ƴan ɗaki ɗaya ne, wa zai raba ku?" in ji Illo. Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Aka shuka ƙwaya ɗari a kowane fangali, ɗaya bayan ɗaya, a bin igiya. A makon nan Illo ya shuka tasa alkamar, wadda ba ta je ko'ina ba. Daga nan kullum da hantsi yana jin kukan kamiyo, yana ganin Nasara ya durƙusa a garkar Bahago da sandar awo. Aka ba Bahago rigar kaki mai aljihu biyu. Ya shiga cewa "wala" da "dakor" irin na Faransanci ko da sansa yake magana. A kasuwa ana tare shi a tambaye shi labarin nutron, yana bayani kamar shi ya gina ɗakin. Illo ya mayar da wurin hutunsa jikin shinge, inda akwai wata ƴar kafa tsakanin ƙaya.

Kadidiya ta ce masa, "Malam, wuyanka zai karkace."

"Magudana nake dubawa."

"Magudanar taka ta koma garkar Bahago ke nan."

Kwana goma sha biyu da shuka, abin ya bayyana. Fangali na ɗaya da na biyu sun fito kore shar. Na uku da na huɗu sun fito, amma gajeru. Na biyar rabi gurbi ne, ganyen da ya fito kuma da zane-zanen fari, a murɗe. Na shida tsiro goma sha huɗu kaɗai ya leƙo cikin ɗari, ko wanne bai kai gaɓar yatsa ba. Mai Karne ya ƙirga, ya rubuta, fuskarsa ba damuwa. Saidu ya ce abin da ake nema ke nan, a san iyakar abin da iri ke iya ɗauka.

Illo bai gaskata ba. A saninsa ba a taɓa yin mutum mai hankali da zai sa iri a ƙasa, ya ba shi ruwa, don ya zauna ya kalli mutuwarsa ba. Ya ce a ransa Nasara kunya ce ta hana shi faɗin gaskiya, ya ga ya yi zaɓen banza. Abin da ya fi ci masa rai kuma shi ne maganar gari. Masu wucewa ba su san pil ba, ba su san lamba ba. Suna leƙa garkar su ce, "Wannan ita ce alkamar Illo da ake faɗi?" Wata tsohuwa mai alkaki ta tare shi a ƙofar masallaci ta tambaye shi ko gaskiya ne irinsa ya mutu.

Bahago kuwa ta kan shinge yake kira. "Bawana! Zo ka gai da ƴaƴanka, sun dawo daga Faransi da gurgunta."

A ranar sha uku Mai Karne da Saidu suka hau kamiyo zuwa Bilma da Sigidin neman gishiri da ƙwallon dabino, tafiyar wata guda. Bayan kwana biyu aka aiko wa Bahago surukinsa ya rasu a Timiya. Dole ya tafi. A Telwa in tafiya ta kama mai garka, maƙwabcinsa ke karɓar ruwa, ba a roƙo kuma ba a godiya. Bahago ya kawo wa Illo igiyar sansa.

Ya ce, "Ruwa kawai, Illo." Wannan karon bai ce bawana ba. "Nasara ya ce kada a cire, kada a ƙara, kada a sa taki. Ruwa kawai, kwana bibbiyu."

"Ni za ka koya wa ban ruwa?"

Sau biyu Illo ya ba da ruwa kawai. A karo na uku ya tsaya a kan fangali na shida, hauya a kafaɗa, ya daɗe. Akwai wata al'ada kuma a Telwa, wadda ta girmi zuwan Nasara: wanda aka bar wa garka ba ya mayar da ita da gurbi. In ya ga tsiro ya mutu sai ya cike wurin daga nasa, in ya ga raunana sai ya cire. Wanda ya mayar da garkar ɗan'uwansa yadda ya same ta, ana cewa ba shi da zumunci ko ba shi da hannu. Illo ya riƙe wannan a matsayin hujja. Amma daga baya shi da kansa ya gaya wa Kadidiya cewa ba zumunci ne ya durƙusar da shi ba. So yake Nasara ya dawo ya ga abin da hannu ke yi, ya san wanda ya tsallake.

Ya tumɓuke tsiro goma sha huɗun nan ya watsa wa awaki. Ya bi na biyar ya cire duk mai zanen fari. Sannan ya koma garkarsa da tsohuwar wuƙa, ya dinga yanko tsiron alkamarsa, kowanne da dunƙulen ƙasarsa, yana ɗaukowa a faifai. Dashen alkama ba kowa ke iya shi ba, a Telwa duka ba su fi mutum uku ba. Ya bi ramukan igiyar Nasara ɗaya bayan ɗaya, bai kauce ko da faɗin yatsa ba. Kwana uku ya yi yana wannan aiki da la'asar, a bainar jama'a. Masu wucewa suna cewa, "Sannu da zumunci, Illo." Ya kawo takin tantabara da ya ɓoye wa albasarsa, ya barbaɗa wa na shida. Ya yi masa inuwa da kabar goriba har saiwa ta kama.

Bahago ya dawo bayan kwana goma sha takwas. Ya tsaya a ƙofar garka da takalmansa a hannu. Fangali na shida ya fi na ɗaya tsawo, ya fi shi duhun kore.

"Illo, me ka yi?"

"Ruwa na ba su."

"Ruwan Telwa ne ko na Zamzam? Ka kashe ni, ɗan baba. Wallahi ka kashe ni."

"Na tayar maka da matattu, kana cewa na kashe ka?"

Bahago ya zauna a bakin magudana ya riƙe kai. Can ya ce, "To ka rufe bakinka. Ni ban gani ba, kai ba ka yi ba."

Illo ya ɗauki hauyarsa ya koma garkarsa. A ganinsa ba ya buƙatar magana. Duk mai ido zai dubi fangalin nan ya san ba aikin Bahago ba ne.

Mai Karne ba shi da irin wannan idon. Da ya dawo ya ƙirga na shida sau uku: casa'in da bakwai. Ya buɗe karnensa ya duba sha huɗun da ya rubuta da hannunsa. Ya sa Saidu ya tambayi Bahago ko ya ƙara iri. Bahago ya rantse bai sa ƙwaya ɗaya a ƙasa ba. Nasaran ya tono tsiro biyu, ya duba ganye, ya duba saiwa. Alkamar dai ita ce, iri ɗaya, a kan layi ɗaya. Ya tashi tsaye yana magana da sauri har Saidu ya kasa bin sa. Abin da aka fahimta shi ne, irin da ya fi shan nutron ya yi jinkiri ne kawai, sannan ya farfaɗo ya wuce sauran. Ba a taɓa ganin haka a alkamar ƙasarsu ba. Ya rungume Bahago. Illo na jikin shinge, yana gani.

Sati biyu Illo yana jira a kira shi. Ba a kira shi ba. Abinci ya daina shiga masa. Ya doki sansa ranar wata Laraba, abin da bai taɓa yi ba. Aka ce Nasara ya fara rubuta dogon rahoto zuwa Faransi, kuma da sunan Alkasum a ciki. Bahago, da tsoro ya sake shi, sai ya dawo da barkwancinsa, har yana gaya wa mutane a kasuwa cewa sirrin a hannun hagu yake.

Ranar da alkamar ta fara fitar da kai, Mai Karne ya gayyato kumandan Agadas da wasu Nasaru biyu daga bariki, da manyan masu garka. Aka kafa abin ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Aka tsayar da Bahago cikin rigar kaki a tsakiyar fangali na shida, alkama har gwiwarsa, sandar awo a hannunsa. Aka ɗauka. Kumandan ya miƙa masa hannu, ya faɗi wata magana, Saidu ya juya: "Ya ce kai ne babban manomin ƙasar Ayar."

Mutum huɗu da ke wurin sun ba da labarin abin da ya biyo baya, kuma bakinsu ɗaya. Illo bai zagayo ta ƙofa ba. Ta cikin shingen ƙaya ya ratso, rigarsa ta yage a kafaɗa.

"Saidu! Gaya masa ni ne."

Bahago ya ce, "Bawana, koma wajen sanka, manya na magana."

"Gaya masa wannan dogon bai san inda aka dasa ko ɗaya ba. Yana Timiya yana shan shayi. Ni na cire matattun, ni na kawo waɗannan daga garkata, ni na sa taki. Casa'in da bakwai, ukun da suka ƙi kamawa ga gurbinsu can, can, da can. In ƙarya nake, ya zo ya ga ramukan da na yanko su."

Saidu ya dube shi. "Malam Illo, ka san abin da kake faɗi kuwa?"

"Juya masa, ai aikinka ke nan."

Saidu ya juya. Illo ya tsaya yana jiran hannun kumandan. Mai Karne ya bi shi zuwa garkarsa, ya ga ramukan a jere a gefen fangulansa. Ya dawo ya tambaya ina tsiro goma sha huɗun. Illo ya nuna awaki. Nasaran ya zauna a kan bakin rijiya, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Kumandan da mutanensa suka hau mota suka tafi.

Da Mai Karne ya yi magana, a hankali ya yi ta. Saidu ya ce, "Ya ce aikin shekara guda ya tafi. Ya ce waɗannan sha huɗun su ne abin da ya zo nema daga Faransi. Ya kuma ce ya gode, don rahoton bai tafi ba tukuna, da ya tafi da ya yi wa masana ƙarya da sunansa." Saidu ya ƙara da cewa, "Ya ce kai manomi ne na gaske, shi ya sa ba za a taɓa ba ka wannan aiki ba."

Masu garka ba su ga laifin Illo ba. A wajensu an bar masa garka da gurbi, ya mayar da ita a cike, kuma dashen da ya yi ya kama casa'in da bakwai cikin ɗari. Maganar mutuwar irinsa ta ɓace daga gari. Bahago ya yi wata guda ba ya ce masa uffan, sai ranar sunan jikar Illo ya shigo yana neman bawansa ya kawo masa ruwan wanke hannu.

Da aka yi girbi, Mai Karne ya sake zuwa neman tiya biyu. Illo ya ce zai bayar, da sharaɗin a rubuta sunansa a jikin kowace jaka. Aka rubuta a gabansa, Saidu ya karanta masa. Da sanyi ya dawo aka sake shukawa, a garkar Bahago, bayan an ɗaga shingen ya fi tsayin mutum an sa masa ƙofa da kwaɗo. A wannan karon tsiro goma sha ɗaya ne ya fito a na shida, duk suka bushe kafin wata guda. Illo bai gani ba. Da aka gaya masa sai ya ce, "Ai hannun hagu ne."

Nasaran ya koma ƙasarsu a shekarar 1959. Kafin ya tafi ya ba Bahago hoton nan, shi kuma ya sa aka yi masa katako ya rataye a zaurensa. Illo ya ci gaba da noman garkarsa har gwiwoyinsa suka gaza. Kowace sallah yakan je gaida ubangidansa yadda al'ada ta ce, ya zauna a inda yake fuskantar hoton, ya jira baƙo ya ɗaga kai.

"Ka ga alkamar can? Tawa ce. Ni na dasa."

Bahago yakan ce, "To ina kake a ciki, bawana? Nuna masa."

"Ina bayan shinge," in ji Illo. "Zuba mini shayin."